Kwanon Tagullar da Ban Mayar Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan fara shafi, in kai rabi, in yage. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina gudun a ce tsohuwa ta rasa abin yi ta zauna tana ba da labarin kwano. Abin da ya fi hana ni ma shi ne tsoron in faɗi wani abu ba yadda ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da ba sa nan balle su gyara mini. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don ban nemi izinin kowa ba. Wanda ya san su zai gane su.

A ɗakina a Kusfa, cikin birnin Zariya, a can ƙasan kabad, akwai wani kwanon tagulla mai murfi, naɗe cikin farin ƙyalle. Ba nawa ba ne. Shekaru ke nan yana hannuna, kuma ina so in mayar da shi ga mai shi tun ina da rai.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, maɗinkin hannu ne. A zaurenmu yake zama yana aikin babbar riga, daga hantsi har hasken rana ya gaza masa. Wata rana wani malamin jami'a da ke koyarwa a unguwar Kongo, nan Zariya, ya zo neman rigar da zai riƙa zuwa Juma'a da ita. Mutumin Pakistan ne, kowa Dakta yake ce masa. Ran da ya dawo gwaji ya zo da matarsa, kuma da yake zaure wurin maza ne, sai maigidana, wanda nake kira Malam, ya leƙo ya ce in zo in shigo da baƙuwa.

Ina tsakiyar kaɗa miyar kuka a lokacin. Hayaƙi ya cika tsakar gida, zanen aikina duk gari. Na rasa inda zan ajiye ta. Na ruga zan ɗauko darduma, kafin in fito har ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da murhu tana leƙa tukunya. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba. Ta nuna daddawar da ke cikin turmi ta tambayi sunanta. Da ta shinshina sai ta runtse ido, amma ba ta kawar da kai ba, ta ce in ɗiba mata miyar a cokali.

Hausarta ta kasuwa ce, ba ta rabe mace da namiji a magana. Turancina kuma na aji shida ne, wanda ya kwana biyu ba a taɓa shi ba. Da waɗannan biyun da nuni da hannu muka fahimci juna. 'Ya'yanta biyu maza suna can ƙasarsu suna karatu a wurin kakarsu. Ita kaɗai take wuni a gidan sama a kwatas, Dakta yana aji. Ni kuma 'ya ɗaya Allah ya bar mini, ta gama karatunta, an sa ranar aurenta.

Tun daga nan Juma'a ta zama tamu. Dakta zai ajiye motarsa a bakin lungu, su taka zuwa masallaci shi da Malam, ita kuma ta shigo wurina. Mu yi azahar tare, mu zauna a inuwar ɗakin girki har su dawo. Tana ce mini Yaya, ina ce mata Ƙawa.

Juma'a ta biyu ta zo da kula cike da abinci. Da za ta tafi na wanke kular na zuba mata dambu. Ta ce me ya sa na wahalar da kaina. Na yi mata bayani iyakar iyawata, cewa a wurinmu kwanon da ya shigo gida da abinci ba ya fita haka nan, ko gyaɗa ce sai an zuba. Mahaifiyata ta sha gaya mini cewa mayar da kwano ba komai kamar ka ce wa mutum kada ya ƙara ne. Sai ta tafa hannu tana dariya, ta ce ai su ma haka ne a garinsu, uwarta takan bi mutum har bakin ƙofa da kwano. A ranar na ji kamar na daɗe da saninta.

Kafin su zo Zariya sun zauna a Masar, sun zauna a Malesiya, kuma duk inda ta zauna sai ta tafi da girkin wurin. Ta kawo mini miyar wani ƙaramin wake ja da ta kira adas, wadda ake matsa wa lemon tsami a sha da cokali, ba tuwo ba komai. Ta kawo shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa. Ta kawo wata shinkafar da ake jerawa hawa-hawa da nama a rufe tukunya ruf, ba a buɗewa sai an sauke. Lokacin zafi takan dama kindirmo da mangwaro. A murhuna ta koya mini shayin da ake dafawa cikin madara da citta da kirfa da wata 'yar ƙwaya koriya mai ƙamshi da ake kira hel.

Akwai wani halina da har yau nake jin kunyarsa. Duk abin da ta kawo sai na tambayi me da me aka sa. Na taɓa jin an ce wasu ruwan ƙamshin da ake sa wa kek akwai giya a ciki, shi ke nan abin ya zauna mini. Matar da ta fi ni yawan nafila nake tambaya haka. Ba ta taɓa ɓata rai ba. Daga baya ma sai ta riƙa zuwa da kwalin ko kwalbar abin da ta yi amfani da shi a jakarta, ta ajiye mini a kan tabarma tun kafin in buɗe baki.

Ni kuma na ba ta waina da miyar taushe, da ɗanwake, da kunun gyaɗa, da alkaki. Amma abin da ya kama ta shi ne fate. Takan sha kwano guda da yakuwa da rama tana share gumi.

Yayar maigidana, wadda muke kira Hajiya, tana zaune a Ƙofar Gayan, kuma takan biyo ta gidanmu ranar Juma'a. Mace ce mai baki, amma ba ta da ƙulli. Tun ina amarya take ce mini matarmu, har na yi furfura ba ta daina ba. Ita ce ta sa wa Ƙawa suna Balarabiya, na gaji da gaya mata ba Balarabiya ba ce. Miyar adas kuwa ruwan wake take ce mata, wai abincin wanda aka sallamo daga asibiti. Ran da ta tarar da Ƙawa ta tasa fate a gaba, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Matarmu, kin gama da ita. Wannan ko ta koma garinsu Bazazzagiya ce."

Ƙawa ta ɗaga kwanon ta ce, "Hajiya, zo ka sha."

"Na sha nawa tun kafin a haife ki. Sha abinki."

Aka yi bikin 'yata, mijinta ya tafi da ita Bauchi inda yake aiki. Baƙi suka watse, aka mayar da tabarmin aro. Ban san gida yana da faɗi haka ba sai a makon nan. Nakan auna shinkafar mutum uku, sai na zuba a ruwa in tuna. Malam yana zaure, ba mai yawan magana ba ne. Nakan ji motsi in ɗaga kai, ashe kaza ce.

Juma'ar da ta biyo baya Ƙawa ba ta zo da kula ba. Ta zo da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle, ta riƙe shi da hannu biyu. Da ta kwance sai ga kwanon tagulla, an zana masa ganyaye kewaye da baki. A ciki akwai wani abu ja mai sheƙi, da yazawa a sama. Ta ce alewar karas ce. Ta ce kwanon na mahaifiyarta ne, ta ba ta ran da za ta bar ƙasa, kuma tun tana yarinya ba a zuba komai a cikinsa sai wannan alewa. Uwarta takan yi ta in an yi haihuwa, takan kuma yi ta in gida ya yi shiru.

Ta fito da cokali biyu. Muka ci a cikin kwanon. Ni da na san karas a cikin shinkafa kawai, ko a gutsura a tauna, ban taɓa zaton zai yi laushi da daɗi haka ba. Ina ci hawaye suna zuba, ta yi kamar ba ta gani ba.

Kafin maza su dawo ta gaya mini yadda ake yi. A goge karas, a zuba cikin madara, a sa wuta kaɗan, a yi ta juyawa har madarar ta ƙafe. Sannan sukari, sannan man shanu, sannan hel dakakke. Ta ce ba wuya, tsayuwa ce kawai. Ta ƙulle mini hel a takarda. Da za ta tafi alewar ba ta ƙare ba, ta ce in bar wa Malam, ta karɓi kwanon wani makon. A nan na ce mata, da bakina, kwanon nan ba zai koma ba sai da irin abin da ya zo da shi, kuma na hannuna. Ta ce to, tana jira.

Gwajin farko na yi komai yadda ta ce. Da na zo kan man shanu sai na ɗauko na cikin kwalbata. Kowace mace a nan ta san ba a ajiye man shanu ɗanye, sai an soya shi da albasa don ya daina ƙarni, kuma nawa soyayye ne tun da na saya. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Sai da na sauke na ɗanɗana na ji albasa ta hau kan madara da sukari ta zauna. Malam ya ci cokali ɗaya, ya daɗe yana taunawa, sannan ya tambaya a hankali ko da tuwo ake ci. Hajiya da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in ƙara daddawa kawai in huta.

Na biyu na sayi ɗanyen man shanu na narka shi shi kaɗai, amma madarar da na karɓa wurin mai nono ta fara juyawa ban lura ba, tana jin wuta ta tsinke. Na uku na bar tukunya a kan wuta na je la'asar, na dawo ta kama. Na huɗu ya yi kyau a ido, sai dai na ga kamar bai kai nata ja ba. Kafin in ankara lokacin karas ya wuce, wanda ya rage a kasuwa duk ya bushe ya yi itace a ciki. Na ce bari in jira sabo.

Ciyayyarmu ba ta tsaya ba. Kula tana zuwa tana komawa kowace Juma'a. Kwanon ne kawai yake ɗakina. Wani lokaci takan tsokane ni.

"Yaya, kwanona ya yi aure a Kusfa?"

"Yana nan lafiya, ana kula da shi."

"Ka gaishe shi."

Sai mu yi dariya. Amma in ta tafi nakan zauna in yi ta tunani, ko da gaske take, ko ta fara jin haushi tana ɓoyewa. Maimakon wannan tunani ya sa in miƙa mata kayanta, sai ya ƙara sa ni ganin lallai alewar da zan ba ta ta zama ba ta da aibi, tunda na sa ta jira har haka.

Wata Juma'a ta gaya mini za su tafi gida dogon hutu, wata biyu. Mahaifiyarta ba ta jin daɗi. Ta ce tana so ta tafi da kwanon ta yi wa tsohuwar alewa a ciki, ko za ta ci. Ba da wasa ta faɗa ba wannan karon. Saura mako guda.

Na aiki Malam Sabon Gari ya samo mini karas mai kyau irin wanda ake kawowa daga Jos. Na kama mai nono tun ranar Laraba na roƙe ta tatsar safiyar Juma'a. Bayan asuba na goge karas, hantsi na ɗora. Ban matsa daga murhu ba, ina juyawa har kafaɗata ta riƙe. Ya yi ja, ya yi sheƙi, mai ya fito a gefe kamar yadda nata ya yi. Na juye a kwanon, na jera yazawa. Sai da na zo kankare tukunya na ga ɗan wuri a gindi, bai fi girman kwabo ba, ya yi duhu. Na ɗanɗana alewar. Na ji kamar akwai ƙauri. Na kurkure baki na sake ɗanɗanawa, na ji kamar babu. Na sake, na ji kamar akwai. Ina cikin haka na ji tsayuwar motarsu. Na rufe kwanon na tura shi ƙarƙashin gado.

Mun yi salla, mun zauna. Ta ɗaga hanci.

"Yaya, ina jin hel a gidan nan."

"Na gwada. Bai yi ba."

"Kawo in ɗanɗana."

"Ya yi ƙauri, Ƙawa. Ba zan ba ki abin da ya yi ƙauri ki kai wa Mama ba."

"To juye, ba ni kwanon haka nan. Ni ce fa."

"Haka nan? Daga gidan nan? Ki bari in kin dawo."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta. Ta daɗe tana gogewa. Sannan ta mayar ta ce, "To, Yaya. In na dawo."

Ina da alkaki da na yi mata na guzuri, cike da roba. Ba abin da zai hana in juye alewar in zuba alkakin nan a kwanon in miƙa mata, al'ada ta cika, kowa ya huta. Wannan tunanin bai zo mini ba sai bayan kwana biyu. A lokacin abin da ke kaina kawai shi ne na riga na ce da alewa zai koma. Ta karɓi robar, ta rungume ni a soro, ta fita.

Da la'asar Hajiya ta zo, Malam ya shigo cikin gida. Ya ce yana jin ƙamshi tun safe, ina abin yake. Na jawo kwanon. Suka ci shi da yayarsa, cokali yana bin cokali. Hajiya ba ta yi tsokana ba, abin da ban saba gani ba. Malam ya ajiye cokali ya dube ni.

"Wannan kika hana baiwar Allah?"

Na ce akwai ƙauri. Ya ce shi bai ji ba. Hajiya ta ce ƙaurin yana cikin kaina. Malam ya ce in naɗe kwanon yanzu ya hau mashin ya kai musu Kongo kafin magariba. Na duba na ga sun ci fiye da rabi. Na ce ba a kai wa mutum saura, akwai ragowar karas, gobe da sassafe zan yi sabo ya kai. Bai ja ba, ba ya ja da ni a kan harkar girki. Washegari kafin madara ta iso, Dakta ya bugo wa Malam waya yana sallama, sun riga sun kama hanyar filin jirgi.

Wata biyu suka cika, na uku ya shiga. Lambarsu ta nan ba ta shiga. Wata rana Malam ya dawo daga sayen zare ya ce Dakta ya kira shi yana tsakiyar kasuwa. Mahaifiyar Ƙawa ta rasu. Dakta kuma ya sami aiki a wata ƙasa, ba za su dawo ba, wani abokin aikinsa zai haɗa musu kayansu. Matarsa ta so ta yi magana da ni, Malam ya ce ba ya gida, su sake kira da yamma. Na zauna da wayar a cinyata har aka kira isha. Ba su kira ba. Mun bi lambar sau da yawa, wata murya ce take amsawa da yaren da ba mu sani ba. Bayan 'yan watanni wayar ta lalace, lambar ta tafi da ita.

Abin da na kasa cirewa a raina shi ne tsohuwar nan. Ban san ta ba, ko hotonta sau ɗaya na gani. 'Yarta ta so ta ajiye mata kwanonta a gaba da abin da ta saba yi wa mutane, kwanon kuma yana ƙarƙashin gadona a Kusfa. Ban sani ba ko ta tambaya. Ban san me Ƙawa ta ce mata ba in ta tambaya.

Shekara biyu bayan haka Malam ya rasu. Da na fita takaba na sa kwanon a jaka na hau Keke zuwa Kongo, ni kaɗai, karo na farko. Na gane gidan da kwatancen da ta sha yi mini. Wasu ne a ciki. Matar gidan ta ba ni ruwa, ta ce su ma ba su daɗe ba, ba su tarar da kowa ba. Aka nuna mini wani ofis. Mutumin da ke wurin ya saurare ni da haƙuri, ya tambayi cikakken sunan Dakta da sashen da ya koyar. A nan na gane ban sani ba. Suna ɗaya na sani nasa, ɗaya nata. Ban san sunan garinsu ba, ta faɗa mini sau ɗaya ban riƙe ba. Shekara kusan uku muna cin abinci a kwano ɗaya, na san yawan gishirin da take so, ban san sunan mahaifinta ba. 'Yata ta gwada nema a wayarta da sunan da na ba ta, fuskoki suka fito ba iyaka, babu tasu.

Na kai maganar wurin malamar da ke koya mana karatu a islamiyyar matan unguwa. Ta ce amana ce, in adana, in yi cigiya iyakar ƙoƙarina, in kuma sanar da magadana. Ta ce in an ɗebe tsammani akwai hanyar yin sadaka a madadin mai abu. Na yi sadakar, ba sau ɗaya ba, amma ban ji na sauke komai ba. Hajiya kuwa cewa take in daina wahalar da kaina, wai matar nan bar mini ta yi, da tana so da ta aiko abokin aikin mijinta ya karɓa. Wata rana nakan so in yarda. Sai in tuna ta roƙe ni da bakinta har sau biyu, na hana. Ba ta taɓa cewa ta ba ni ba.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. An ba wani maɗinki hayar zauren, na toshe ƙofar da ke tsakaninmu. Ranar Juma'a, in lungu ya yi tsit maza sun tafi masallaci, nakan hura gawayi in yi ɗaya daga cikin girkinta. Girkin mutum ɗaya wuya gare shi, kullum sai ya yi yawa. Nakan zuba wa maƙwabta. Suna karɓa da godiya, kwanona yana dawowa da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Sau ɗaya na shiga wani gida na ga miyar adas ɗina a gaban kaji. Ban ga laifinsu ba, ba su saba ba. Na rage yawan da nake yi, na kuma daina aika musu miyar. Shayin madara nakan dafa kofi biyu saboda tukunyar ba ta yin ɗaya, in sha ɗaya da zafi, ɗayan ya huce in sha da yamma.

Alewar karas kuwa na iya ta yanzu, ko ido rufe. Hel ɗin da ta ba ni ya ƙare tuni, na sami mai sayarwa a Sabon Gari. Ina da kwalbar man shanu daban wadda albasa ba ta taɓa shiga ba. Hajiya ta tsufa, haƙoranta sun zube, ba ta fita. Alewar ce abin da take ci ba gardama. In na kai mata Ƙofar Gayan takan ce, "Matarmu, an kawo na Balarabiya?" In ce an kawo. A samira nake kai mata. Ban sake zuba komai a kwanon tagullar ba tun ranar nan, don ba a ba ni aronsa in yi ta amfani ba.

Nakan fito da shi lokaci-lokaci in goge da toka da lemon tsami saboda kada ya yi kore. Kwanan baya na fara tsoron ko gugar tana cinye zanen, na rage. Na rubuta takarda na sa a ciki cewa ba nawa ba ne, kada a sa shi cikin gado. Na gaya wa 'yata, ta ce ta ji. Amma ita ba ta san mai shi kamar yadda na san ta ba, kuma na san yadda kaya suke bi bayan mutum ya tafi.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. Ko ka yi aiki a Kongo, ko ka yi karatu a can, ko kin zauna a kwatas kina maƙwabtaka da su. Dakta dogo ne, siriri, mai ɗan gemu, yana da farar mota ƙarama, kuma ranar Juma'a yakan sa shuɗiyar babbar riga mai aikin aska biyu, ɗinkin maigidana. Matarsa gajeriya ce mai tabarau, tana da 'ya'ya biyu maza da yanzu sun isa aure, tana jin Hausa kaɗan, tana son fate. Kwanon yana da ganyaye a baki, murfinsa ya ɗan loɓa a gefe ɗaya, a gindinsa akwai rubutu da baƙaƙe irin na Larabci wanda malamarmu ta karanta ta ce ba Larabci ba ne.

Wanda ya san cikakken sunansu, ko garinsu, ko ƙasar da suka koma, ko abokin aikin nan da ya haɗa musu kaya, don Allah ya sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu, za su same ni. Ina kuma son wanda ya sani ya gaya mini yadda ake aika kaya irin wannan zuwa wata ƙasa ba tare da ya ɓata ba, da kwana nawa yake yi a hanya. In alewar karas ba za ta jure tafiyar ba, a gaya mini gaskiya, zan aika shi haka nan.